'Yan ci-ranin Meziko a gonakin Amurka da Kanada: wa ya ci riba, wa ya ci wuya?

Sadiq Kd: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya wani bidiyo yake yawo a Facebook na wasu 'yan Meziko suna tsinkar tumatir a Amurka. Mutum ya cika bokiti, ya saɓa a kafaɗa, ya ruga ya miƙa wa na kan mota, a ba shi wata 'yar alama ya jefa aljihu, ya sake dawowa da gudu. A ƙasan bidiyon samarinmu sai lissafi suke yi, wai awa ɗaya dala 15, kowa yana cewa da ma shi ne. Ni gudun nan ne ya tsaya mini a rai. In kuɗin awa ake biya, me ya kawo gudu? Baban Khalifa, kai da kake can, don Allah ka warware mana.

Baban Khalifa (Kalifoniya): Wa alaikumus salam ƙanena. Gudun nan na jinga ne. A gonaki da yawa ba awa ake ƙirga wa mutum ba, bokiti ko kwali ake ƙirgawa, kuma alamar da ka ga ana ba shi ita ce kuɗinsa, da yamma a ƙidaya. A Immokalee ta jihar Filorida, inda ake noman tumatir na lokacin sanyi, bokiti ɗaya yana cin kilo 14 da rabi. An shafe shekaru masu yawa ana biyan santi 40 zuwa 50 a kowane bokiti (santi 100 ne dala ɗaya). Yi lissafi da kanka: kafin mutum ya haɗa dala 50 sai ya ɗebo bokiti 100, kusan tan ɗaya da rabi na tumatir ke nan ya bi ta kafaɗarsa. Doka ta ce in jingar ba ta kai mafi ƙarancin albashi ba mai gona ya cika. Amma wanda kullum sai an cika masa, shi ne ba za a sake kira ba.

Ni tirela mai sanyi nake ja, latas da sauran ganye nake ɗauka. Da bazara a Salinas ta nan Kalifoniya muke lodi, in sanyi ya shigo aikin gaba ɗaya ya koma Yuma ta jihar Arizona, dab da iyaka. Kusan duk latas ɗin da Amurka take ci a watannin sanyi daga yankin nan yake fitowa. Dubban ma'aikatan a San Luis Río Colorado suke kwana, ɓangaren Meziko. Tun tsakar dare suke tashi su shiga layin tsallake iyaka, su hau bas, asuba ta same su a gona a sunkuye da wuƙa a hannu, suna bin injin da ba ya jiran kowa. Da yamma su sake bin hanyar. Ban taɓa ganin mutanen da suke aiki kamar su ba, wallahi.

Issoufou Maraɗi: To Alhaji, wahala ai ba baƙuwa ba ce ga talaka. Ni tambayata ɗaya: wani ya ɗaure su ya kai su? Duk shekara su suke rububin komawa. A 2024 mafi ƙarancin albashi a yawancin Meziko bai kai peso 250 na kuɗinsu a yini ba, wajen dala 14 ko 15 ke nan. A 2024 ɗin kuma mai bizar aikin gona a Filorida dala 14.77 aka riƙa ba shi a awa, a Kalifoniya 19.75. Abin da zai wuni yana nema a gida, awa ɗaya ta ba shi. Ga masauki kyauta, ga kuɗin mota. Kuɗin da 'yan Meziko na waje suka aika gida ya haura dala biliyan 63 a 2023. Gidaje nawa aka gina da shi a jihohinsu irin su Michoacán da Guanajuato da Jalisco? Yara nawa suka yi karatu? Mu daina yi wa mutum kuka alhali shi godiya yake yi.

Barista Zainab: Yaya Issoufou, alƙalumanka daidai ne, amma ka karanta fuskar takardar ne kawai. Bizar da kake magana a kai H-2A ake ce mata. Ta bunƙasa ƙwarai: a 2005 guraben da gwamnati ta amince da su ba su kai 50,000 ba, a 2023 sun haura 370,000, kuma kusan 9 cikin 10 na masu samun ta 'yan Meziko ne. A rubuce tana da kyau. Mai gona zai ba da masauki, ya biya kuɗin tafiya, ya kuma tabbatar wa ma'aikaci aƙalla kashi 3 cikin 4 na awannin da aka yi alkawari. Matsalar ita ce sunan mai gonar yana jikin bizar. Ba Amurka ce ta ba ka izinin aiki ba, wane ne ya ba ka. Shi ke da ɗakin da kake kwana, shi ke da motar da za ta kai ka kanti, shi zai ce a sake kiranka baɗi ko a manta da kai. Duk wanda ya san yadda mutanenmu suke zama a ƙarƙashin kafili a Saudiyya ya san abin da nake nufi.

Sannan ga bashi. Haramun ne a dokar a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a samo masa gurbi, amma dillalai a ƙauyukan Meziko suna karɓa. Mutum ya jinginar da gona ko ya ci bashi da ruwa kafin ya isa ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na Monterrey, inda aka fi buga bizar. In an tambaye shi ko ya biya wani, dole ya ce a'a, domin in ya faɗi gaskiya yana tsoron rasa tafiyar. Mai bashi a wuya kuwa ba ya kai ƙara.

Issoufou Maraɗi: Barista, a ko'ina akwai ɓata-gari. Ba za a yanke wa tsari hukunci da laifin dillali ba.

Barista Zainab: Da dillali ɗaya ne da na yarda. A Nuwamban 2021 masu gabatar da ƙara na tarayya a jihar Jojiya suka gurfanar da mutum 24. Da wannan bizar ta halal suka riƙa shigo da mutane daga Meziko da Guatemala da Honduras, suka ƙwace musu fasfo, suka tsare su a wuraren da aka kewaye da waya, suna haƙar albasa da hannu a kan santi 20 kowane bokiti, ana nuna musu bindiga. Aƙalla mutum 2 suka mutu. Kuɗin da aka ce gungun ya tara ya haura dala miliyan 200. Shekaru suka yi suna wannan aiki, kuma duk takardunsu ta ofisoshin gwamnati suka bi aka buga musu hatimi. Tsarin da za a iya yin haka a cikinsa tsawon shekaru, akwai abin dubawa a ginin sa.

Baban Khalifa (Kalifoniya): Ku bari in shiga tsakani, don akwai abin da ku biyun ba ku taɓo ba. Masu bizar nan ba su ne mafi yawa ba. A cikin masu aikin amfanin gona da suke zaune a nan, kusan 4 cikin 10 ba su da takardar zama ko kaɗan. Wasu sun yi shekara 20, 'ya'yansu a nan aka haife su. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, marar takardar ya fi mai bizar 'yancin barin gona. In shugaban leburori, wanda suke kira mayordomo, ya zage shi, gobe sai ya koma wata gonar. Mai biza ba ya iya haka cikin sauƙi. Amma shi marar takarda ba ya barci da ido biyu. A Janairun 2025 jami'an iyaka sun yi samame a yankin Bakersfield na nan Kalifoniya lokacin tsinkar lemo, washegari gonaki da yawa ba ma'aikata, kowa ya kulle ƙofa. A Yulin shekarar kuma a Camarillo wani magidanci mai suna Jaime Alanís ya faɗo daga rufin rumfar shuka lokacin samame, ya rasu. Don haka mai takarda a ɗaure yake, marar takarda a tsorace yake, kuma masu gona sun san da duka biyun.

Gaskiyar Issoufou kuma ita ce akwai masu gona na kirki. Na ga inda mutum ɗaya yake dawowa gona ɗaya shekara da shekaru, har ya kawo ƙannensa da ɗansa. Sai dai wannan sa'a ce. In ka faɗa hannun mugu, babu ƙofar fita mai sauƙi.

Hajiya Mairo: 'Ya'yana, ni ba dala nake dubawa ba. Ina matansu da 'ya'yansu? Mutum ya yi wata 8, wata 10 ba ya gida, duk shekara. Yaro ya tashi ya san ubansa a waya kawai.

Baban Khalifa (Kalifoniya): Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo. Masu biza kusan duk maza ne, iyali suna gida. Su dai suna komawa ƙarshen shekara. Marasa takarda su ne abin tausayi. A da, kafin a tsaurara iyaka daga 1994, mutum yakan zo ya yi kaka ya koma ƙauyensa ya yi bikin ƙarshen shekara, ya sake dawowa. Da aka toshe hanyoyin da ke kusa da birane irin su San Diego da El Paso, sai aka tura mutane cikin hamadar Arizona, inda dubbai suka mutu da ƙishirwa. Masu tsallakar da mutane, su ake kira coyote, suka ɗaga kuɗi zuwa dubban daloli. To wanda ya samu ya shigo ba zai sake gwada fita ba. Katangar da aka yi don hana su shigowa ita ta hana su komawa. Akwai wani dattijo mai lodin kwali da muke gaisawa, mahaifiyarsa ta rasu a jihar Oaxaca ta kudancin Meziko, a waya ya kalli jana'izarta yana zaune cikin motarsa a bakin gona. Da ya je, da ba zai dawo wajen 'ya'yansa ba.

Hajiya Mairo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya raba mu da neman da zai hana mu binne iyayenmu.

Malam Habu Samaru: Amin Hajiya. Ni a matsayina na malamin gona, tambayar da nake so mu yi ita ce: me ya fitar da su? Waɗannan mutane fa manoma ne 'ya'yan manoma. Masara a ƙasarsu aka fara nomanta a duniya, shekaru dubbai da suka wuce. A 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko ta fara aiki, aka riƙa sassauta harajin shigo da masara. Manomin Amurka yana da injina, yana da tallafin gwamnati mai yawa. Masararsa ta kwararo kasuwar Meziko da araha, farashi ya faɗi. Mai 'yar gona a kan dutse a Oaxaca ko Guerrero, da shanun huɗa biyu, da me zai yi gasa? Sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani.

Kuma ba kai tsaye ake tafiya Amurka ba. Da yawa suna farawa ne da manyan gonakin arewacin Meziko, a Sinaloa da kwarin San Quintín, inda ake noma tumatir da sitiroberi don kasuwar Amurka. A Maris 2015 dubban leburori suka yi yajin aiki a San Quintín suka tare babbar hanya saboda ƙarancin albashi. Daga can ne wasu suke tsallakawa. Wani abu kuma, yawancin waɗannan na kudu 'yan asalin ƙasar ne, Mixtec da Triqui da Zapotec. Wasunsu ko Sifaniyancin ba su iya sosai ba, balle Turanci. A gona su ne a ƙasan kowa, su ake ba aikin sunkuyo, har 'yan ƙasarsu masu Sifaniyanci suna raina su. In ya je asibiti ko kotu a kawo masa tafintan Sifaniyanci, ya yi ta gyaɗa kai bai fahimci rabin maganar ba.

Anti Rabi (Ontariyo): Sannunku da muhawara. Bari in kawo muku na Kanada, tunda mutane suna ganin nan aljanna ce. Nan akwai shirin ma'aikatan gona na kaka, SAWP. An fara shi da Jamaika a 1966, Meziko ta shiga a 1974. Gwamnati da gwamnati ne, ma'aikatar ƙwadagon Meziko ce take tantance mutane, don haka matsalar dillalai ta yi sauƙi. Fiye da 'yan Meziko 20,000 suke zuwa duk shekara, har tsawon wata 8. Ni ma'aikaciyar jinya ce a kudancin Ontariyo, ba nisa da Leamington, garin da rumfunan gilashi na tumatir da kokwamba da tattasai suka mamaye. Ranar Juma'a da yamma garin nasu ne, a kan kekuna, suna sayayya, suna layin aika kuɗi.

Abin da nake gani a wajen aiki: ba sa zuwa asibiti sai abu ya ci tura. Ciwon baya, ƙaiƙayin ido da fata daga feshin maganin ƙwari, hannu ya kumbura. Sau da yawa wanda ya kawo shi, kuma yake yi masa tafinta, shi ne mai kula da su a gona. Ta yaya zai ce feshi aka yi yana ciki? Abu na farko da suke roƙo shi ne kada a rubuta musu hutu. Dalili kuwa, mai gona ne yake ambaton sunan wanda yake so ya dawo baɗi, kuma wanda ya kasa aiki ana iya mayar da shi gida cikin kwanaki. Wani binciken likitoci da aka wallafa a 2014 ya ƙirga sau 787 da aka mayar da ma'aikatan gona gida daga Ontariyo saboda rashin lafiya ko rauni tsakanin 2001 da 2011.

Lokacin korona abin ya fito fili, don a ɗaki ɗaya ake jera gadaje masu hawa. A 2020 Bonifacio Eugenio Romero mai shekara 31 da Rogelio Muñoz Santos mai shekara 24 suka rasu a wannan yankin, har Meziko ta dakatar da turo mutane na ɗan lokaci. A 2023 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Tomoya Obokata, ya zo ya duba, ya ce shirin ma'aikatan wucin gadi na Kanada wuri ne da bauta irin ta zamani take iya tsirowa. Abin da ya fi ci mini rai, mutum ya yi shekara 25 yana zuwa, ana cire masa kuɗin inshorar rashin aiki, amma da wuya ya ci moriyarta domin in kaka ta ƙare ba ya ƙasar. Shekarun nan kuma ba su ba shi hanyar zama ɗan ƙasa kai tsaye ba.

Sadiq Kd: Anti, to masu tallar aikin gona a Kanada da muke gani a WhatsApp fa, a biya su miliyoyi?

Anti Rabi (Ontariyo): Sadiq, SAWP na Meziko ne da ƙasashen Karibiyan kawai. Duk wanda ya ce zai sa ka a wannan shirin daga Kaduna, kuɗinka yake so. Ka gaya wa abokanka.

Baba Audu Kura: Ina ta sauraronku. Jikana ya karanta mini wani abu kwanaki, wai a Kalifoniya an haramta fartanya mai gajeriyar ƙota saboda 'yan Meziko. Na yi mamaki. Mu ai da ita muka tashi, da ita nake noma har gobe.

Malam Habu Samaru: Ranka ya daɗe Baba, gaskiya ne, a 1975 aka hana ta. Amma bambancin a nan yake: kai a gonarka, in bayanka ya gaji sai ka miƙe, ka sha ruwa, ka zauna gindin bishiya, ba mai ce maka uffan. Su kuwa awa 10 ko 12 ne a layin latas mai tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensa. Ma'aikatan da kansu sun ce dalilin da ya sa ake son gajeriyar shi ne mai sa ido ya hango daga nesa wa ya miƙe tsaye, don duk wanda ya miƙe ba aiki yake ba. Likitoci suka ba da shaida cewa tana lalata ƙashin baya, mutum ɗan shekara 40 ya koma kamar tsoho. Sai da aka kai har kotun ƙolin jihar kafin a ci nasara.

Baba Audu Kura: To yanzu na gane. Ba fartanyar ba ce, rashin ikon miƙewa ne. Allah ya kyauta.

Barista Zainab: Tunda Baba ya kai mu tarihi, Yaya Issoufou ka saurari wannan, don maganar "su suke son zuwa" an yi ta tun zamanin kakanninsu. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, Amurka ta rasa hannun aiki ta ƙulla shirin ɗauko leburori mai suna Bracero da Meziko. Ya ɗore har 1964, aka sa hannu a kwantiragi wajen miliyan 4.6. A cibiyoyin karɓarsu a bakin iyaka akan tuɓe su a fesa musu maganin ƙwari na DDT, hotunan suna nan. A shekarun farko aka riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsu, wai ajiya ce da za su karɓa in sun koma gida. Kuɗin ya tafi bankunan Meziko, yawancinsu ba su ga ko sisi ba. Sai a 2005, bayan tsofaffin sun yi ta zanga-zanga, gwamnatin Meziko ta amince ta ba kowa peso 38,000, in ya iya kawo takardun shekara 50 da suka wuce. Da yawa sun riga sun mutu.

A Satumban 1963 jirgin ƙasa ya bi ta kan motar da aka cusa leburorin Bracero ciki a Chualar, kusa da Salinas ɗin da Baban Khalifa yake lodi, mutum 32 suka mutu. A Mayun 2024 kuma bas ɗin masu bizar H-2A da ke kan hanyar gonar kankana a Filorida ya yi hatsari, 8 suka mutu. Sannan dokokin ƙwadago na Amurka tun asali an ware leburan gona daga cikinsu. Dokar 1935 da ta kare 'yancin kafa ƙungiya ba ta haɗa da su ba. Dokar 1938 ta kuɗin ƙarin lokaci ita ma haka, kuma a matakin tarayya har yanzu haka abin yake, sai 'yan jihohi irin su Kalifoniya da Washington da suka yi tasu. Ba mantuwa aka yi ba, 'yan majalisar kudu ne suka nace, domin a lokacin baƙaƙen fata ne suke aikin gonakinsu.

Issoufou Maraɗi: Barista, tarihin ya yi ɗaci, ban musa ba. Amma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: in aka rufe wannan ƙofa gobe, wanda zai fara kuka shi ne ɗan ƙauyen Oaxaca ɗin, ba mai gona ba. Mai gona zai sayi inji ko ya koma da gonarsa Meziko.

Barista Zainab: Ba wanda ya ce a rufe. Cewa muke yi a kwance igiyar: bizar ta zama ta ma'aikaci, ya iya barin mugun mai gona ya koma wajen na kirki, kuma wanda ya yi shekaru yana ciyar da ƙasa a ba shi hanyar zama. An taɓa yi ai. Dokar 1986 ta ba ma'aikatan gona fiye da miliyan 1 takardar zama.

Anti Rabi (Ontariyo): Nan Kanada tun 2019 akwai izinin aiki na buɗe ga wanda ake zalunta. Sai dai shi zai kawo hujja, ya cike takardu a intanet da Turanci ko Faransanci, kuma ranar da ya bar gonar ya bar gadon kwanansa. Sai wanda ya samu ƙungiya ko coci ta tsaya masa.

Baban Khalifa (Kalifoniya): Zafi ma ba mu yi maganarsa ba. A kwarin tsakiyar Kalifoniya rana tana haura digiri 40. A Mayun 2008 wata yarinya 'yar Oaxaca, María Isabel Vásquez Jiménez, mai shekara 17 kuma da juna biyu, ta yanke jiki ta faɗi a gonar inabi kusa da Stockton bayan awanni tana aiki, ruwan sha yana nesa. Bayan kwana 2 ta rasu. A lokacin jihar tana da dokar ruwa da inuwa da hutu tun 2005. Dokar tana nan, amma mai jinga yana ganin duk mintin da ya zauna a inuwa bokiti ne ya wuce shi. A Filorida kuwa, a 2024 majalisar jihar ta yi dokar da ta hana ƙananan hukumomi su tilasta wa masu aiki ba da irin wannan kariya.

Hajiya Mairo: Shekara 17. Sa'ar jikata ce. To su ba su da bakin magana ne, haka za su zauna?

Malam Habu Samaru: Suna da shi Hajiya, kuma sun yi abin a zo a gani. A 1965 leburan inabi 'yan Filifin ƙarƙashin Larry Itliong suka fara yajin aiki a Delano ta Kalifoniya, 'yan Meziko na ƙungiyar Cesar Chavez da Dolores Huerta suka mara musu baya. Shekara 5 aka yi, jama'a a birane suka ƙaurace wa sayen inabi, sai da masu gona suka sa hannu a 1970. Amma wanda ya fi burge ni shi ne na Immokalee ɗin nan da aka fara da shi. Ma'aikatan, 'yan Meziko da Guatemala da Haiti, sun kafa ƙungiya a 1993. Suka lura cewa mai gona shi ma matse shi ake yi, mai ƙarfin gaske shi ne babban mai saye. Sai suka bar mai gona suka nufi kamfanonin abinci da buƙata ƙarama: a ƙara santi 1 a kan kowane fam na tumatir (ma'aunin nauyi ne, kusan rabin kilo), ya tafi kai tsaye aljihun mai tsinka. Suka ƙaurace wa Taco Bell daga 2001 har ya amince a 2005. McDonald's ya bi a 2007, Walmart a 2014.

Issoufou Maraɗi: Santi 1? Malam, wannan ai ba ya sayen ko ruwan leda.

Malam Habu Samaru: Bokitin fam 32 ne, ka ga santi 32 ke nan a kan wanda ake biya 50. Amma ba kuɗin ne babban abin ba. Daga 2011 suka kafa shirin da suke kira Fair Food, mai ƙa'idoji da ma'aikatan da kansu suka tsara: inuwa da ruwa, na'urar buga lokacin shiga da fita don kada a ci awannin mutum, an hana tilasta wa mutum tula bokiti ya yi tozo, an hana taɓa mata, wanda a da babbar masifa ce a gonakin. Akwai lambar waya da ake kira dare da rana, akwai masu bincike masu zaman kansu da suke shiga gona su yi magana da ma'aikata. Gonar da ta karya ƙa'ida aka dakatar da ita, manyan masu sayen nan ba za su sayi tumatirinta ba, kuma sun sa hannu a kan haka a yarjejeniyar da kotu za ta iya tilastawa.

Issoufou Maraɗi: To wannan na fahimce shi, don ni ɗan kasuwa ne. Wanda ya san zai rasa mai saye ba sai an aiko masa ɗan sanda ba. Ya kai ga masu albasar Jojiya da masu latas ɗin Alhaji?

Malam Habu Samaru: Ya fita daga Filorida zuwa wasu jihohi, ya kuma shiga wasu amfanin kamar tattasai da furanni, amma mafi yawan gonakin Amurka ba sa ciki. Ƙarfinsa yana ga yawan masu sayen da suka sa hannu, kuma akwai manya irin su Wendy's da Publix da suka shafe shekaru suna ƙin shiga duk da jerin gwanon da ma'aikatan suke yi musu.